Ƙananan faɗa-wuta a fitilar gidana: na tumatir ne ko na hatsi?

Manomin fadama, Argungu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a duba mini waɗannan hotuna guda 3. Yau kwana 5 ke nan, da na kunna fitilar sola a tsakar gida bayan magariba sai wasu ƙananan faɗa-wuta su taru a jikin bango. Ba irin manyan nan na damina ba ne. Kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba, siriri, launin ƙasa-ƙasa. Abin da ya hana ni barci shi ne lambun tumatir ɗina yana bayan katanga, bai fi taku 40 ba, ga shi ya fara fure. A ɗakin da ke kusa da fitilar kuma akwai buhun shanshera 14 da na ajiye tun girbin damina. In na tumatir ne, kowa ya san abin da ya yi wa manoma a 2016. In na hatsi ne, to abincin gidana ake ci ina zaune. Kuɗin da ke hannuna ba zai ishe ni yaƙi biyu ba, shi ya sa nake son sanin ina zan fuskanta.

Mai shagon maganin gona, Jega:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka tsaya dogon nazari. Wannan shi ne wanda mutanen Kano suke kira sharon. Tun da tumatir ya yi fure, gobe da asuba ka yi feshi, bayan kwana 3 ka maimaita. Na ga lambun da aka yi wa jinkirin mako guda, sai da ya koma kamar an bi shi da wuta.

Malamin gona mai ritaya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena na Jega, gaskiyarka ce cewa wannan ƙwaro ba ya jira, amma ni a hotunan nan ban ga abin da zai sa in rantse ba. Hasken waya ya wanke launin, kuma guda 2 daga ciki an danne su da yatsa. Launin faɗa-wuta hoda ce a kan fiffike, da an goge ta duk sai su koma kala ɗaya. Alhaji, kafin ka kashe ko sisi, ka kama wasu da rai. Kifa musu kofin gilashi a jikin bango, ka zura takarda ta ƙasa, ka juye su cikin kwalba. In akwai firij a kusa, sa kwalbar ciki na minti 10, za su lafa ba tare da sun mutu ba. Sai ka ɗauki hoton da rana, a inuwa, a kan farar takarda, ka ajiye tsinken ashana a gefe don mu gane girmansu.

Ɗalibar aikin gona, Aliero:
Baba, a hoto na 3 fiffiken baya ya ɗan buɗe. Na ƙara girmansa, bakinsa ya yi tsini kamar yatsa mai nuni, ga kuma doguwar geza a gefensa. Haka aka koya mana alamar na hatsi, Sitotroga cerealella. Ni a ganina daga buhunan ya fito.

Malamin gona mai ritaya, Birnin Kebbi:
Madalla da idonki, 'yata, kin duba inda ya kamata. Amma a nan ne mutane da yawa suke zamewa. Wannan tsinin da gezar alamar dangi ce gaba ɗaya, dangin da ake kira Gelechiidae, kuma Tuta absoluta na tumatir, wato sharon, shi ma ɗan gidan ne. Littattafan ajiyar hatsi suna kawo alamar ne don a raba Sitotroga da sauran faɗa-wutan ɗakin ajiya, waɗanda bakin fiffikensu na baya faffaɗa ne. Ba su yi tunanin mutumin da lambunsa yake manne da ɗakin buhunansa ba. Abin da kika tabbatar mana shi ne ɗaya ne daga cikin biyun da Alhaji yake tsoro, wanne ne kuma har yanzu da saura.

Bambancin yana fiffiken gaba da 'yan ƙahonnin nan masu kama da zare. Na hatsi launin karan dawa busasshe ne, rawaya-rawaya mai ɗan sheƙi, kusan sumul, sai ɗigo baƙi ɗaya ko biyu. Na tumatir ruwan toka ne, an yayyafa masa baƙi kamar an barbaɗa masoro, ƙahonninsa kuma zobe-zobe ne, baƙi da fari suna bin juna. Da gilashin ƙara girma na masu gyaran agogo ko masu gyaran waya za ka ga zoben sarai.

Ɗalibar aikin gona, Aliero:
Na gode Baba, na karɓi gyara. Wallahi da haka zan rubuta a jarrabawa.

Mai shagon maganin gona, Jega:
Malam, ina girmama iliminka, amma manomi ba shi da lokacin ƙirga zoben ƙaho. Feshi ɗaya nawa yake, lambu ɗaya nawa yake? Ko ba sharon ba ne, ai rigakafi ya fi magani. A 2016 har gwamnatin Kaduna sai da ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kamfanin tumatir na Kadawa ya tsaya saboda babu abin niƙawa. Ba abin wasa ba ne.

Malamin gona mai ritaya, Birnin Kebbi:
Duk abin da ka faɗa na 2016 haka ya faru, ina aiki a lokacin. Amma ka tuna yadda aka yi ta feshi safe da yamma ƙwaron bai ko girgiza ba. Asalinsa Kudancin Amurka ne, ya shigo Sifen a 2006, ya bi ta Arewacin Afirka ya iso mu, kuma kusan duk inda ya bi ya saba da magungunan da aka fi yi masa ruwansu. Tsutsar tana cikin naman ganye, tsakanin fatar sama da ta ƙasa, maganin da ke tsayawa a bayan ganye ba ya kai mata. Wanda yake mutuwa shi ne ƙwaron da ke cin ƙwanta, da zumar da ke zuwa fure. Feshin da babu dalili ba rigakafi ba ne, horar da ƙwaro ne. In kuma abin daga buhu yake fitowa, Alhaji ya fesa lambu sau 10 ma shinkafarsa tana nan ana ci.

Mai sana'ar turara shinkafa, Suru:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ni da karatun ƙwari amma shekara 19 hannuna yana cikin shanshera. Alhaji, ka bar bango, ka je ga buhun. Kwance bakin wanda ya fi daɗewa, ka bubbuga gefensa. In suna ciki za ka ga sun tashi fir-fir. Sai ka debi tafi ɗaya daga sama-sama, kada ka zurfafa hannu, don wannan ƙwaron ba ya iya kutsawa can ƙasa. Ka baza a faranti a rana. Ƙwayar da aka ci za ka ga ɗan rami zagayayye kamar an huda da allura, wani lokaci har da ɗan murfi a bakinsa. Ka matsa ta da farce, sai ta fashe fanko. In ka zuba a ruwa kuma duk masu ramin sama suke tasowa.

Wata shekara na sayi buhu 6 a kasuwa, a ido lafiya lau, da na jiƙa sai da na kwashe kusan kwano guda na fanko a kowane buhu. Tun daga ranar ba na biyan kuɗi sai na zuba tafi ɗaya a kofin ruwa a gaban mai kaya.

Ɗalibar aikin gona, Aliero:
Hajiya, to wanda yake haɗa shinkafa ta dunƙule da zare-zare fa? A gidanmu shi muka fi gani.

Mai sana'ar turara shinkafa, Suru:
Wannan daban ne 'yata. Shi sai an cashe shinkafa ya fi samunta, ko tsaki, ko gari, ko gyaɗa. Na shanshera ba ya saƙa ko kaɗan, ɗakinsa cikin ƙwaya yake.

Malamin gona mai ritaya, Birnin Kebbi:
Hajiya ta gama magana. Masu saƙa a ɗakin ajiya guda 3 ne aka fi haɗuwa da su, kuma duk sun fi na shanshera girma. Plodia shi ne mai sauƙi: fiffikensa kala biyu ne, kusa da kafaɗa fari-fari, sauran jan ƙarfe kamar tsohuwar tasa. Corcyra, wanda Hajiya take nufi, launinsa ɗaya ne, toka-toka mai haske, da ɗan tukku a goshi, saƙarsa kuma ta fi ta kowa kauri. Ephestia na gyaɗa da dabino ruwan toka ne mai duhu da layi a gicciye. In sun tsufa hoda ta zube, Corcyra da Ephestia ni kaina ba na raba su da ido.

Manomin fadama, Argungu:
Allah ya saka muku. Yanzu na dawo daga lambu, na duba ganye kamar yadda wani ya ce mini a waya. Akwai zane fari a wasu ganyayen ƙasa. Ga hoton. Gabana ya faɗi ƙwarai.

Mai shagon maganin gona, Jega:
To kun gani.

Ɗalibar aikin gona, Aliero:
Kawu, dakata tukuna. Wannan zanen siriri ne kamar zare, yana lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi. Wannan aikin tsutsar wani ɗan ƙaramin ƙuda ne, Liriomyza. Na Tuta faffaɗa ne, kamar tabon ƙuna ko taga a jikin ganye, in ka ɗaga shi a rana za ka hango kashinta baƙi a tare a gefe guda, sau da yawa har da tsutsar. Baba, ko na sake kuskure?

Malamin gona mai ritaya, Birnin Kebbi:
Wannan karon daidai kike. Alhaji, ka tsinke waɗannan ganyayen ka binne, ƙudan ba ya kai na Tuta ɓarna. Amma kada ka saki jiki da hoto ɗaya. Ka bi layi-layi ka duba tsirai kamar 20 a wurare daban-daban, musamman kan tsiro da ƙarƙashin hular 'ya'yan da suka fara ƙullawa, nan take fara huda. In ka sami tabo mai faɗi, buɗe shi da allura. Tsutsar Tuta koriya ce, in ta girma bayanta ya ɗan yi ja-ja, kuma a wuyanta, bayan kai, akwai siririn layi baƙi.

Akwai ma na uku da ban ambata ba, don kada in rikita ku. Na dankalin turawa, Phthorimaea operculella, wanda manoman Filato suka sani. Yana shiga ganyen tumatir da gauta da taba shi ma. Ya ɗan fi Tuta girma, tsutsarsa kuma wuyan gaba ɗaya baƙi ne kamar ta sa ƙwala. Sun yi kusa har masana sun mayar da Tuta cikin jinsin Phthorimaea a 'yan shekarun nan. Masu fiffiken kuwa, in aka kai su ɗakin bincike, sai an fede bayan namijin an duba al'aurarsa a na'ura kafin a sa hannu a takarda. Shi ya sa duk wanda ya ga hoton waya ya ce ya tabbata, ina jin tsoron tabbacinsa.

Dattijo daga Kamba, ta wayar jikansa:
Ɗiyana, an karanta mini zancenku duka. Ni ban yi boko ba, amma abin da Malam shika faɗi haka munka taras. Mu ba mu sanin ƙwaro ga hwuskatai, ga aikinai muka sanin shi. Bayan babban hwarin nan na farkon shekarun 1970 wata tsutsa ta taso muna ga hatsi, tana bin zangarniya tana kewaya ta kamar an naɗa igiya, inda ta bi duk babu tsaba. Mutane sunka ce ai tsutsar kara ce ta hau bisa. Ba ita ba ce. Ta kara cikin kara taka kwana har rani, in ka tsaga karan darni kana ishe ta. Wagga ta zangarniya ƙasa taka shiga, sai wata damina. Kuma hatsin da ya yi saurin fidda kai shi taka ci, maiwa ba ta cika samun ta ba. Wanda ya ƙone kara don ta zangarniya ya yi aikin banza.

Malamin gona mai ritaya, Birnin Kebbi:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Abin da ya faɗa haka yake a littafi, harafi da harafi. Ta kara ita ce Coniesta ignefusalis, ta zangarniya kuma Heliocheilus albipunctella, sau ɗaya take haihuwa a shekara, tana fitowa kamar wata guda bayan ruwan shuka. Ga wani abu da zai ba Hajiya mamaki. A Nijar, maƙwabtan su Baba, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar, a Maraɗi suna kiwon Corcyra ɗin nan mai ɓata mata shinkafa, da gangan. Suna sa tsutsarsa a ɗan buhun algarara da gero, su haɗa da wani ɗan mitsitsin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor. Zanzaron ya hayayyafa a kanta, a rataye buhun kusa da gonaki, 'ya'yan su fita su bi tsutsar zangarniya su kashe. Da a ce duk faɗa-wuta ɗaya aka ɗauke su, babu wanda zai kai ga wannan dabara.

Mai sana'ar turara shinkafa, Suru:
Ikon Allah. Abin da nake shara ina zubarwa.

Manomin wake, Zuru:
Tun da an buɗe fagen, ni ma ga tawa. Bara ina da alayyahu a gefen wake. In na ratsa sai wasu masu ruwan ƙasa da fari su tashi, su sauka su baje fiffike. Na ɗauka Maruca ne mai cin fure, na yi feshi sau 2. Daga baya wani malamin gona ya ce ba shi ba ne. Har yau ban gane bambancin ba.

Ɗalibar aikin gona, Aliero:
Yaya, ka dubi fiffiken baya, tun da dukansu a buɗe suke zama. Na Maruca fari ne kusan duka, kamar gilashi, sai baki-bakinsa mai ruwan ƙasa. Na alayyahu, Spoladea, duka fiffikensa 4 masu duhu ne, farin layi ne kawai ya ratsa su kamar ɗamara. Tsutsar Maruca kuma kowace gaɓa tana da ɗigo baƙaƙe, tana liƙe fure da kwanso da saƙa. Waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR da ke Samaru, Zariya, ta fitar a 2019 saboda ita aka yi shi, amma ba ya hana ƙwarin da ke tsotsar kwanso, ba ya kuma hana ƙwaron ajiya.

Mai shagon maganin gona, Jega:
Ni dai har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya. Zafi yana tafe, daga Maris zuwa Afrilu ne sharon yake tashi da ƙarfi. Ko yau babu, gobe akwai. Amma na yarda a fara dubawa. Alhaji, in za ka iya, nemi tarkon nan mai ƙamshin mace, ana ɗora ɗan robar a kan roba mai ruwa da ɗan sabulu. Mazan Tuta yake kira. In ka wayi gari ka ga sun faɗa, ka san suna nan, sai mu yi maganar maganin da ke shiga cikin ganye, kuma a riƙa sauya iri, kada a nace wa ɗaya.

Malamin gona mai ritaya, Birnin Kebbi:
A kan wannan babu saɓani tsakaninmu. Alhaji, ƙara da abu ɗaya wanda ba ya cin kuɗi. Samo kwalba 2 masu tsabta. Ɗaya ka cika rabinta da shanshera daga saman buhu, bayan ka tabbatar babu mai fiffike a ciki. Ɗaya ka sa ganyen tumatir masu zane, da 'yar busasshiyar ƙasa a gindi. Ka rufe bakin kowace da ƙyalle, ka ɗaure da roba, ka ajiye a inuwa inda tururuwa ba ta kaiwa. Abin da ya fito a kowace kwalba, daga nan ya fito, babu gardama.

Manomin fadama, Argungu:
Salam 'yan uwa, yau kwana 11 da sa kwalabe, ga sakamako. Tun ranar da Hajiya ta yi magana na bubbuga buhu, suka tashi mini a fuska, na ga ramukan da ta ce, amma na jira don in tabbata. Kwalbar shinkafa ta fitar da guda 9, duk launin kara, na duba da gilashin yaron da ke gyaran waya a bakin kasuwa, babu yayyafin baƙi a fiffike. Kwalbar ganye ƙananan ƙudaje 4 ne suka fito, baƙi da ɗigon rawaya a baya. Tarkon da na sa a lambu ya kama guda 2 a mako, su kam ruwan toka ne, ƙahonsu da zobe, na gani da idona. Ke nan Tuta yana kusa amma bai yi yawa ba, ɓarnar gaske tana ɗaka. Buhu 5 na jikin bango su suka fi ciwuwa. Yanzu me zan yi da shinkafar? Wani ya ce in sa ƙwayar hayaƙi a ɗakin, amma yarana 3 suna kwana a ɗakin da ke manne da shi.

Mai shagon maganin gona, Jega:
A'a Alhaji, ni nake sayar da ita amma kada ka sa ta a gidan da ake kwana. Iskarta tana bin tsagar bango da ƙarƙashin rufi, tana kisa. Fiya-fiya ma kada ta kusanci abin da za a ci. Tarkon lambu kuma ka ci gaba da ƙirgawa kowace safiya, ka riƙa duba ganye, in adadin ya fara hawa ka kira ni.

Mai sana'ar turara shinkafa, Suru:
Buhu 5 ɗin nan ka fitar da su gobe, a sheƙe, a turara, zafin tukunya ba ya barin ƙwai ko tsutsa. Ka fara ci ko sayarwa daga su. Sauran 9 ka baza a shimfiɗa su sha rana sosai har ƙwaya ta riƙa ƙaras a haƙori, ka bari su huce, sannan ka zuba a buhun PICS, wanda iska ba ta shiga, mai hawa 3, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Shanshera tana da kaifi, ka zuba a hankali kada ta huda ledar ciki. Kafin ka mayar, share ɗakin har kusurwa, tsofaffin buhunan kuma ka tafasa su ko ka ƙone. Ka ɗora sababbin a kan katako, kada su jingina da bango.

Manomin fadama, Argungu:
Na gode Hajiya. An riga an aika a kira masu turara, jibi za su zo. Malam, guda 2 na tarkon na sa su a kwalbar magani da auduga, in ɗana zai shigo Birnin Kebbi ranar Litinin zai kawo maka ka duba.

Malamin gona mai ritaya, Birnin Kebbi:
Ya kawo, ina gida. Ka rubuta rana da wurin da aka kama su a 'yar takarda ka sa ciki, kuma kada kwalbar ta kwana a rana.